Tarihin Kallon Taurari a Ƙasar Gusau da Tsafe da Bunguɗu

Gabatarwa

A ƙasashen Turai da Amurka akwai wata al'ada da masana ilmin sararin sama suke yi, watau su fita fili da dare, su kafa madubin hangen nesa, su kirawo mutanen gari, yaro da babba, kowa ya leƙa, su kuma suna yi musu bayanin abin da suka gani. Al'adar ta yi ƙarfi har Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe shekarar 2009 ta zama ta ilmin taurari, don tunawa da cikar shekara 400 da Galileo ya fara ɗaga madubinsa sama a ƙasar Italiya. Ɗalibin da ya ji wannan labari yana iya zaton cewa koya wa jama'a taurari baƙon abu ne a wurinmu. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa a gabashin ƙasar Zamfara, watau Gusau da Tsafe da Bunguɗu, an daɗe ana wannan koyarwa a fili, kyauta, kuma rayuwar manomi da matafiyi da mai ibada ta dogara a kanta. Za mu duba wuraren da aka yi ta, da abin da aka koyar, da yadda ta raunana, sa'an nan da abin da ya faru a Gusau cikin 2006.

Makarantar Dandali

Makaranta ta farko da ɗan Bahaushe yake shiga game da sama ita ce dandali, ko kuwa tsakar gida, a daren farin wata ko lokacin bazara da zafi kan kori mutane daga ɗaki. Malamanta su ne kakanni da iyaye mata da yayye. A nan ne yaro zai fara jin sunan Kaza da 'Ya'yanta, wannan curin ƙananan taurari da Larabawa ke kira Surayya. Mai kaifin ido yakan ƙirga shida ko bakwai a cikinsu, amma madubi ya nuna sun fi ɗari nesa ba kusa ba. Kaza takan ɓace daga sama wajen ƙarshen watan Afrilu, ta yi kamar kwana 40 ba a ganinta, sa'an nan ta sake bayyana da asuba ta gabas cikin watan Yuni. Da yake wannan ɓata da dawowa sun dace da gabatowar ruwa, sai ta zama alamar da manomi ke lura da ita.

A nan ne kuma zai ji labarin Zara matar wata, wadda ke haskawa a yamma bayan faɗuwar rana, da Gamzaki wanda ke fitowa gabanin alfijir ya ta da masu sammako. Bahaushe ya ba su suna biyu, amma a gaskiya abu ɗaya ne, watau duniyar da Larabawa ke kira Zuhura. Takan yi wata takwas da 'yan kai tana fita da magariba, ta ɓace, ta koma fita da asuba na kusan wannan tsawon lokaci, zagayen duka yana cin kwana 584. Ita kuwa tauraruwa mai wutsiya, an yi mata kirari da cewa ganinta ba alheri ba. Mafi shahara daga cikin irinta, wadda Turawa suka laƙaba wa sunan Halley, ta bayyana cikin 1910, ta dawo cikin 1986, kuma lissafi ya nuna za ta sake dawowa cikin 2061.

Fatake ma suna da nasu karatun. Ayarin da ya tashi daga wannan yanki ya nufi Gwanja neman goro yakan yi sammako don gudun rana, Gamzaki shi ne agogonsa. Bugu da ƙari, garin Gusau yana bisa digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, saboda haka tauraron arewa wanda ba ya motsi yana tsaye ne ƙasa-ƙasa, digiri 12 daga doron ƙasa. Wanda ya san shi ya san arewa, wanda ya san arewa kuwa ya san alƙibla, domin daga Gusau Ka'aba tana gabas ne da ɗan karkatawa wajen arewa kimanin digiri 20.

Makarantar Zaure

Makaranta ta biyu ita ce zauren malam, kuma a nan ne abin ya tashi daga suna da kirari ya koma lissafi. Dalilin da ya sa jama'a suka bukaci wannan lissafi a fili yake. Shekarar Musulunci ta wata ce, kwananta 354, watau ta gaza shekarar rana da kwana 11. Shi ya sa azumi kan zagaya, ya faɗo cikin ɗari, bayan 'yan shekaru ya faɗo cikin damina. Wannan ƙidaya ta dace da ibada, amma manomi ba zai iya shuka da ita ba, domin ruwa rana yake bi. To, sai malamai suka riƙe ƙidaya ta biyu, wadda ake kira lissafin manzili, ko kuwa taurarin shekara.

Ga yadda abin yake. Wata yana zagaye sama cikin kwana 27 da sulusi, kowane dare yana sauka kusa da wasu taurari dabam. Larabawa tun kafin Musulunci suka raba wannan hanya gida 28, suka kira kowane gida manzili, watau masauki, kuma Alƙur'ani mai girma ya ambaci masaukan wata a cikin Suratu Yunus da Suratu Yasin. Ita ma rana wannan hanya take bi, sai dai ita shekara guda take ɗauka. Saboda haka aka ba kowane tauraro kwana 13. Idan ka buga 28 sau 13 za ka sami 364, sai aka ƙara wa tauraron Jabaha kwana ɗaya ya zama 14, shekara ta cika 365.

An raba taurarin nan bakwai bakwai bisa lokuta huɗu na shekara. Na damina su ne Haƙa'a da Hana'a da Zira'a da Nasara da Ɗarfa da Jabaha da Harsan. Na kaka su ne Sarfa da Awwa da Simaku da Gafaru da Zubana da Ikililu da Ƙalbu. Na ɗari sukan fara daga Shaula da Na'a'imu da Balda, sa'an nan taurari huɗu da sunansu ya fara da Sa'adu. Na bazara kuwa su ne suke ƙarewa da Buɗaini da Surayya da Dabaran. Bisa wannan ƙidaya Haƙa'a yakan shiga a ƙarshen watan Mayu, Jabaha kuma ya faɗo cikin Agusta, lokacin malka, sa'ad da ruwa ya fi yawa a ƙasar Zamfara.

Wannan tsari ta hanyar Magrib ya iso mu, tare da littattafan fiƙihun Malikiyya. Shaida ita ce rabon taurarin daidai yake da na manoman Maroko, haka kuma sunayen watannin da malamai ke kira na ajami, irin su Yunayar da Shutambar da Dujambar. Waɗannan watanni na tsohuwar kalandar Rumawa ne, shi ya sa suke bayan kalandar gwamnati da kwana 13, har 1 ga Yunayar takan faɗo a 14 ga Janairu. Daga cikin littattafan da suka shahara a wannan fanni akwai Al-Muƙni'u na Muhammadu ɗan Sa'idu Al-Margiti, malamin Sus ta ƙasar Maroko, wanda ya rasu cikin 1678.

Abin lura a nan shi ne, malamai ba su bar ilmin cikin Larabci ba. Sun mai da shi waƙa da Hausa, aka rubuta da ajami, don almajiri ya haddace, manomi ma ya ji ya riƙe. Mervyn Hiskett ya yi nazarin irin waɗannan waƙoƙi na taurari a wata maƙala da ya buga cikin 1967 a mujallar Makarantar Nazarin Gabas da Afirka ta Jami'ar Landan. Ke nan idan manomi ya tsaya bayan sallar Magariba ya ce, “Allah gafarta Malam, yau wane tauraro muke ciki, kwana nawa ya yi?”, malam kuma ya ƙirga ya ba shi amsa a gaban jama'a, to, lacca ce aka yi, ko da ba a kira ta da wannan suna ba.

'Yandoto da Malaman Hisabi

Ba a maganar ilmi a wannan yanki a tsallake 'Yandoto, tsohon garin malamai da ke kusa da Tsafe, wanda har yanzu sarkin Tsafe ke amsa sunansa, watau 'Yandoton Tsafe. A da can garin yana cikin ƙasar Katsina, kuma labarin gargajiya ya ce daga nan ne Muhammadu Korau ya fito kafin ya zama Sarkin Katsina. Ɗalibai sukan zo masa daga nesa. Garin malamai kuwa ba ya rasa masu hisabi, domin lokutan salla da alƙibla da tsayuwar wata da rabon gado duk lissafi suke bukata.

Wanda ya fi kowa nuna zurfin da ƙasar Katsina ta yi a wannan fanni shi ne Muhammadu ɗan Muhammadu Al-Fulani Al-Kashnawi. Ya yi karatunsa a nan ƙasashenmu, ya tafi aikin hajji, cikin 1732 ya rubuta littafi a kan lissafin hatimi, ya kuma yi wani babba a kan taurari mai suna Ad-Durrul Manzum. Ya rasu a Alƙahira cikin 1741, a gidan Hasan Al-Jabarti, mahaifin shahararren marubucin tarihin Masar, Abdurrahman Al-Jabarti, wanda ya kawo labarinsa a cikin littafinsa. Mai karatu ya duba, mutumin ƙasar Hausa ne malaman Masar suka karɓa hannu biyu-biyu saboda lissafi da ilmin sama, shekara 160 kafin Turawan mulki su iso Sakkwato.

Ya kamata a bambanta abu biyu da mutane kan cakuɗa. Akwai ilmin falaki, watau sanin tafiyar rana da wata da taurari don gane lokaci da hanya, wanda malamai suka yarda da shi. Akwai kuma duba, watau da'awar sanin gaibu ta hanyar taurari ko bugun ƙasa, wanda Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da almajiransa suka yi ta suka. Shehu ya yi kimanin shekara biyar yana wa'azi a ƙasar Zamfara. Bayan da jihadi ya tashi cikin 1804, malaman 'Yandoto suka rabu, wasu suka bi Shehu, wasu suka ƙi, har Muhammadu Bello ya ci garin da yaƙi wajen 1806. Daga cikin waɗanda suka bi Shehu akwai Malam Sambo ɗan Ashafa, wanda ya kafa Gusau wajen 1811, shi ya sa ake ce wa sarkinta Sarkin Katsinan Gusau.

Faɗuwar 'Yandoto ba ta kashe ilmin falaki ba, domin shi kansa Bello masaninsa ne. Baturen nan Clapperton, wanda ya isa Sakkwato cikin watan Maris 1824, ya rubuta cewa ya nuna wa Sarkin Musulmi na'urarsa ta auna tsayin rana da wata taswirar sama, sai ya tarar Bello ya san buruji goma sha biyu duka, ya kuma san taurari da yawa da sunayensu na Larabci. Da ya komo cikin 1826 ya kawo masa littafin lissafi na Iƙlidis da Larabci, Bello ya yi murna ƙwarai, ya ce da ma suna da irinsa a gidansu, gobara ta cinye.

Daren Duban Wata

Makaranta ta uku ita ce wadda ta fi kama da abin da Turawa ke yi, kuma ita ce ta fi sauran rai har yanzu. Ran 29 ga Sha'aban da ran 29 ga Ramalan, da rana ta faɗi, jama'a sukan fita bayan gari ko su hau tudu su fuskanci yamma. Ƙasar nan kuwa Allah ya hore mata tuddai, ga duwatsun Tsafe, ga Dutsen Kwatarkwashi a ƙasar Bunguɗu wanda ake hange daga nesa. A wurin duban wata tsoho yakan koya wa yaro inda zai sa ido, watau sama kaɗan da inda rana ta faɗi, ya gaya masa cewa jinjirin wata ba ya daɗewa, kuma bayansa yana fuskantar wajen da rana ta nutse. Wanda ya gani sai ya kai shaida ga alƙali ko hakimi, daga nan ta isa ga sarki. A da, da harbin bindiga da kiɗan tambari ake sanar da talakawa. Daga baya waya da rediyo suka sa labari yana isa fadar Sarkin Musulmi a daren, shi kuma ya yi shela ga ƙasa duka.

Raunin Makarantun

Turawan Ingila sun ci Sakkwato cikin Maris 1903, suka zo da tasu kalanda. Haraji da albashi da zaman kotu da hutun makaranta duk suka koma kanta. Jirgin ƙasa ya iso Gusau, garin ya zama kasuwar gyaɗa da auduga, agogo ya shiga hannun ma'aikata. Sannu a hankali ɗan boko ya san Janairu da Fabrairu, ya manta Haƙa'a da Hana'a, almajiri kuma ya riƙe sunayen taurari amma ba a koya masa abin da madubi ya gano ba. Ilmi ɗaya ya rabu gida biyu, kowane gida yana raina ɗan'uwansa. An yi ƙoƙarin haɗa su ta hanyar adabi. Cikin 1969, shekarar da Amurkawa suka sauka a kan wata, Umaru Dembo ya fitar da littafinsa Tauraruwa Mai Wutsiya, inda ya ɗauki yaro Bahaushe ya kai shi yawo sararin sama. Amma irin wannan ƙoƙari bai yawaita ba.

Daɗin daɗawa, wutar lantarki ta dushe taurari a cikin birni, talabijin da wayar hannu suka kwashe yara daga dandali. Mafi muni kuma, tun wajen 2011 ta'addancin 'yan bindiga ya addabi ƙauyukan Zamfara, har da na Tsafe da Bunguɗu. Ƙauye shi ne inda sama ta fi haske, shi ne kuma inda tsofaffin da suka san taurari suke, ga shi hirar dare a fili ta zama abin tsoro a wurare da yawa, mutane masu yawa sun yi gudun hijira zuwa cikin gari.

Husufin 2006

Amfanin yi wa jama'a bayanin sama ya fito fili a husufi biyu da aka yi a farkon wannan ƙarni. Bisa al'ada, idan wata ya yi husufi Bahaushe yakan ce rana ta kama wata, yara su fito suna kaɗa ƙwarya da gwangwani suna roƙon a sake shi, malamai kuma su yi sallar husufi. Abin da ke faruwa shi ne, a daren 14 ko 15 ga wata duniyarmu takan shiga tsakanin rana da wata, inuwarta ta rufe shi. Na rana kuwa a ƙarshen wata yake aukuwa, sa'ad da wata ya gitta tsakaninmu da rana. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya riga ya yi wa sahabbai bayani ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu rana ta yi husufi, cewa rana da wata ayoyin Allah ne, mutuwar wani ko rayuwarsa ba ta sa su husufi. Duk da haka, a daren 9 ga Janairu 2001 da wata ya yi husufi, wasu matasa a Maiduguri suka ƙone otal-otal da gidajen giya, suna cewa zunubin da ake yi a cikinsu ne ya jawo abin.

Shekara biyar bayan haka, ranar Laraba 29 ga Maris 2006, daidai da ƙarshen watan Safar 1427, aka yi cikakken husufin rana. Inuwar wata ta taso daga Barazil, ta ƙetare teku, ta bi ta Gana da Togo da Binin, ta shigo Nijeriya ta wajen Shaki, ta ratsa Zamfara da Katsina, ta wuce Maraɗi zuwa Libiya da Turkiyya. Faɗin inuwar bai kai kilomita 200 ba, amma Gusau da Tsafe da Bunguɗu duk suna cikinta. Wajen ƙarfe goma da rabi na hantsi gari ya yi duhu fiye da minti uku, har inda sama ta yi garau ana iya ganin Gamzaki. Wannan karo gwamnati, wadda ta kafa hukumar binciken sararin sama cikin 1999, ta riga ta yi ta shela a kafofin watsa labarai, ta faɗi rana da lokaci, ta ce kada a firgita, ta kuma gargaɗi mutane kada su dubi rana da ido tsirara don kada ta lahanta musu gani. Mutanen Legas da Abuja da Kano ba su ga cikakken husufin ba, wanda ya tsaya a Gusau kuwa ya ga abin da masana ke biyan kuɗin jirgi su tafi wata ƙasa don su gani. Lissafin da ya faɗi wannan rana tun kafin ta zo, shi ne ya nuna cewa cikakken husufi na gaba da zai ratsa Nijeriya zai auku ran 20 ga Maris 2034, ta wajen Legas.

Kammalawa

A taƙaice, mun ga cewa koyar da jama'a taurari a Gusau da Tsafe da Bunguɗu ya bi ta dandali da zaure da tudun duban wata, kuma ya tsaya ne a kan bukatar shuka da tafiya da ibada. Mun ga kuma yadda kalandar Turawa da zaman birni da rashin tsaro suka raunana shi. Aikin da ya rage namu ne, mu ɗaliban Hausa, domin harshen da za a yi wa jama'a bayani da shi a hannunmu yake. Jihar Zamfara, wadda aka ƙirƙiro cikin 1996, ta sami jami'ar tarayya a Gusau cikin 2013, ga kuma sauran manyan makarantu. Babu abin da zai hana ƙungiya irin tamu ta gayyato malamin zaure mai hisabi da malamin kimiyya su zauna a tabarma ɗaya cikin harabar makaranta a daren da babu wata, wannan ya nuna Surayya ya faɗi kwanakinta, wancan ya faɗi nisanta, mutanen unguwa suna saurare. Kafin wannan kuwa, kowane ɗalibi da ya je hutu ya nemi tsohon da ke gidansu, ko wanda hijira ta kawo unguwarsu, ya tambaye shi sunayen taurarin da ya sani da abin da ake yi a lokacin kowannensu, ya rubuta yadda ya faɗa da karin harshensa. Hausawa sun ce da zafi-zafi akan bugi ƙarfe, masu wannan sani kuwa kullum raguwa suke yi. Allah ya ba ƙasarmu zaman lafiya, ya sa mu dace, amin.